Tsohon da Ya Tare Mana Hanya a Jazira

Ranar Asabar ce, 15 ga Afrilu, 2023, azumi ya kai ashirin da huɗu. Na yi sahur, na yi asuba, na koma na kwanta da niyyar in tashi da hantsi in hau karatu, don jarrabawa na jiranmu bayan sallah. Wata ƙara ce ta tashe ni, irin wadda ban taɓa ji ba, har gilashin tagar ɗakinmu yana kaɗawa. Abokin zamana, wani ɗan Kano da muka shekara huɗu muna cin kwano ɗaya, ya ce ƙila tayar babbar mota ce ta fashe. Bai rufe baki ba aka sake, sannan aka ɗora da ruwan harsashi ba ƙaƙƙautawa. Unguwarmu tana kudancin Khartum, ba nisa da filin wasannin da ake kira Madina Riyadiyya, ashe nan na cikin wuraren da aka fara gwabzawa tsakanin sojojin Sudan na Janar Burhan da dakarun ko-ta-kwana na RSF na Janar Hamidti, waɗanda mutanen gari ke kira Da'ama.

Ni ɗan Funtuwa ne. Mahaifina manomin auduga da masara ne, kuma don in yi karatun likita ya sayar da gonar da ya gada a wajen kakanmu, wadda ya fi so cikin gonakinsa. Ranar da aka yi cinikin bai ci abincin dare ba, Umma ce ta gaya mini daga baya. Na shekara biyar a Sudan, saura shekara ɗaya da 'yan watanni in kammala. A zuciyata na riga na gama lissafi tsaf: in dawo, in yi aikin horo, in yi bautar ƙasa, in tara kuɗi in fanso wa Baba gonarsa. Ina cewa “in sha Allah” a ƙarshen kowace magana, amma yau zan faɗi gaskiya, a baki kawai take. Abin da na dogara da shi ƙwaƙwalwata ce da sakamakon jarrabawata, waɗanda ba su taɓa ba ni kunya ba.

Kwana uku da fara faɗan aka ɗauke wuta, famfo ya ƙafe. Muka janye katifunmu daga jikin taga muka koma kwana a lungun da ke tsakanin ɗaki da banɗaki. Jirgin yaƙi ya wuce, gini ya girgiza, ƙura ta zubo daga silin, mu yi ta Hasbunallahu wa ni'imal wakil har ƙarar ta yi nisa. Mai kantin bakin layinmu yakan buɗe rabin ƙofa na ɗan lokaci da safe. Da na gaya masa kuɗin hannunmu sun kusa ƙarewa, kuma manhajar banki ta ƙi aiki, sai ya zuba mana wake da sukari da garin madara a leda, ya ce in an zauna lafiya ma yi lissafi. Ko a littafin bashi bai rubuta ba. Da haka muka kai azumi, muka yi sallar Idi ranar Juma'a, 21 ga wata, a wani ƙaramin masallaci, sahu bai fi huɗu ba, liman na huɗuba ana jin bindiga.

Abokina mai sikila ne. Duk wanda ya zauna da mai wannan ciwo ya san abin da ƙishirwa da zafi da fargaba ke jawo masa. Ranar Litinin bayan sallah ciwon ya tashi. Ya fara da gwiwa, ya hau baya, kafin dare yana cizon filo don kada maƙwabta su ji kukansa. Asibitocin da na sani duk ko an rufe su, ko hanyarsu ba ta biyuwa. Na bi ta lunguna na ƙwanƙwasa gidan wata mai kantin magani da ban san ta ba sai gaisuwa. Ta fito da mayafi, ta buɗe kantin da fitilar waya, ta ba ni ledar ƙarin ruwa huɗu da allurai da maganin kashe zafi. Na miƙa mata abin da ke aljihuna, ta ture hannuna, ta ce in yi sauri kafin a ga haske.

A jikin ƙusar da muke rataye riga na rataye ledar ruwan. Hannuna na rawa, jijiyarsa ta ɓuya saboda rashin ruwa a jiki. Sau uku ina sokawa ina kuskure, shi kuwa yana cewa, “Yi a hankali, likita, ai na saba.” A karo na huɗu jini ya leƙo. Na zauna a ƙasa ina ƙirga ɗigon ruwan, ina kuka ba sauti.

Ranar Laraba, 26 ga wata, motocin farko da aka tanadar wa ɗaliban Najeriya suka kama hanyar iyakar Masar. Tafiya ce ta cikin hamada, ta kwana da wuni, kuma abokina ko zama ba ya iyawa. Ya roƙe ni da Allah da Annabi in tafi in bar shi. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta raya mini in tafi. Na tuna Umma, na tuna gonar da aka sayar, na ce idan na mutu a nan fa? Har na ɗauki jaka na kai bakin ƙofa. Abin da ya dawo da ni, na tuna babu wanda zai cire masa allurar idan ruwan ya ƙare. Na ajiye jakar. A daren nan na yi wa Ubangijina ƙorafi irin wanda har yau nake istigfari a kansa. Na ce, ya Allah, me na yi? Ban yi wasa da karatu ba, ban ci haƙƙin kowa ba, ga kowa ya tafi an bar ni.

Mai kantin ne ya ce mu nufi Wad Madani, babban birnin jihar Jazira, asibitocin can suna aiki. Ya haɗa mu da wani direban babbar mota da zai kwashi iyalai zuwa Jazira. Muka shimfiɗa abokina a kan buhuna, ni da wata tsohuwa muka kare masa rana da zaninta. A shingen farko bayan Soba wasu samari masu rawani, waɗanda da yawansu ba su girme ni ba ma, suka sauke mu. Suka karɓe wayoyinmu biyu, da kwamfutata, da 'yan dalolin da na ɗinke a ƙugun wando. A cikin kwamfutar nan akwai hotunan duk takardun karatuna na shekara biyar. Fasfo kawai suka jefo mana. Motar ta tashi, ina kallon hayaƙin Khartum yana nisa, ba ni da ko sisi, ba ni da hanyar gaya wa gida ina raye.

Hanyar Madani tana bin gefen Shuɗin Nilu ne, kilomita kusan 190. Tun daga wajen Kamlin muka fara ganin abin da ban taɓa zato ba a ƙasar da ake yaƙi. Mutanen ƙauyuka sun fito bakin titi, yara da manya, riƙe da bokitan zoɓo mai sanyi da ruwa da burodi da dabino, suna ɗaga wa motoci hannu, suna miƙowa ta taga. Wasu sun rubuta a kwali cewa akwai masauki kyauta. Na san Sudanawa da wannan hali a watan azumi, yadda suke tare hanya gab da magariba su tilasta wa matafiya sauka shan ruwa. Amma azumi ya wuce, kuma su ma ba su san abin da gobe za ta haifa musu ba.

Kusa da Hasahisa ciwon ya sake taso wa abokina, har numfashinsa na sarƙewa. Direba ya rage gudu saboda wani tsoho da ya tsaya tsakiyar titi, da farar jallabiya da sanda, ya ware rawaninsa yana kaɗawa. Ya leƙo bayan motar yana cewa “Itfaddalu, itfaddalu,” wato bismillah, ku sauko. Da idonsa ya faɗa kan abokina sai ya daina magana. Ya kira 'ya'yansa biyu, suka kawo angare, gadon nan nasu na igiya, aka ɗora shi kamar amarya. Na fara yi masa bayani cewa mu baƙi ne, 'yan Najeriya, ba mu da kuɗi, an ƙwace mana komai. Ya dube ni ya ce, “Ya waladi, wa ya tambaye ka?” Ɗana, wa ya tambaye ka?

Kwana shida muka yi a gidansa, kuma sai a rana ta uku ya tambayi sunana.

Gidan ƙasa ne, ba shi da wani abin a zo a gani. Ɗakin baƙi a waje, randuna biyu a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, awaki shida, jaki ɗaya. Manomi ne a gandun Jazira, ya gaji filin daga mahaifinsa, yana noma auduga da dawa da alkama da ruwan da ake korowa daga madatsar Sinnar. Akwai wasu iyalai biyu daga Khartum a gidan kafin mu, don haka shi da kansa a tsakar gida yake kwana. Ya aika aka kira ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauyen, muka haɗu muka sake ɗaura ruwa. Maganin da babu, babban ɗansa ya hau babur ya nemo a Madani. Matarsa, wadda muke kira Hajja, kullum da safe za ta aiko da shayi da madara, da rana asida, tuwonsu na dawa, da miyar kuɓewa busasshiya, ga kisra, gurasarsu ta dawa mai laushi. Ta lura abokina ba ya iya haɗiyar tuwo, sai ta koma dama masa kunu tana zama daga bakin ƙofa har sai ta ga ƙasan kwano. In ya bari, ta ce ita ba ta yarda ba.

Da dare, bayan isha'i, tsohon yakan jawo angarensa kusa da nawa. Ya tambaye ni sana'ar mahaifina, na ce manomin auduga ne. Ya tashi zaune. Ya shiga tambayata yaushe muke shuka, da ruwan sama ko da ban ruwa, wace tsutsa ce ke damunmu, nawa ake sayen buhu. Na ba shi labarin injinan gurzar auduga na Funtuwa da yadda noman ya ja baya, ya ce su ma haka, gandun da ya ciyar da Sudan ya zama abin tausayi. Daga nan bakina ya kufce na gaya masa zancen gonar da aka sayar, da cewa yanzu komai ya tashi a banza. Ya yi shiru, ya daɗe. Sannan ya ce shi shekara hamsin yana zuba iri a ƙasa, bai taɓa tsirar da ko ƙwaya ɗaya ba. Nasa shi ne huɗa da shuka da tsaron tsuntsu, fitarwa ta Mai fitarwa ce. Ya ce, “Babanka ya shuka. Kai kuma kana so ka gaya wa Allah ranar girbi.”

Na sha jin wa'azi a kan tawakkali tun ina Islamiyya. Na haddace ayar da ke cewa wanda ya ji tsoron Allah zai sanya masa mafita, ya azurta shi ta inda ba ya zato. Amma ban taɓa tsayawa na dubi kalmar “ta inda ba ya zato” ba sai a tsakar gidan nan, ina kwance a gadon mutumin da ban san da wanzuwarsa ba mako guda da ya wuce, cikina cike da tuwon dawar da ya noma don 'ya'yansa. Duk ƙofofin da na sa ido a kansu, jami'a, banki, motar gwamnati, dalolin ƙuguna, an rufe su ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka buɗe ko a mafarki ban san da ita ba. Na tashi cikin dare na yi alwala da ruwan randa, na nemi gafarar maganar da na yi a Khartum.

Da wayar ɗansa na kira gida. Kwana biyar ba su ji ɗuriyata ba, har an fara sauke Alƙur'ani. Umma ta kasa magana. Da Baba ya ji yadda aka yi, ya ce in ba shi mai gidan. Na ce Baba, ba ya jin Hausa. Ya ce in ba shi dai. Baba ba ya jin Larabci sai na salla, amma sun fi minti biyar a waya. Wannan ya ce “Jazakallahu khairan,” wancan ya ce “Alhamdu lillah,” wannan ya ce “Allah ya saka da Aljanna,” wancan ya ce “Amin, amin,” kamar ya gane. Ina jiyo muryar Baba tana rawa, abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni.

Da abokina ya fara takawa, muka ji labarin ana kwashe ragowar 'yan Najeriya ta Port Sudan. Da safen da za mu tafi na ƙirga awaki na ga biyar. Na tambayi ƙaramin ɗansa, ya sunkuyar da kai. Tsohon ya damƙa mini kuɗi a ƙulle cikin hankici, kuɗin mota har bakin teku. Na ce Ammu, wato baffa, wallahi ba zan karɓa ba. Ya ce in na sake rantsuwa zai yi fushi, kuma baƙo ba ya yi wa mai gida gardama. Na ce to ya ba ni lambar asusu in biya in na isa. Ya ce abin da yake so, in na isa in gaishe masa da babana. Ɗansa ne ya yage kwalin ganyen shayi ya rubuta mini lambar waya a ɓoye.

Muka tsallaka gadar Hantub muka nufi Gadarif, ƙasar riɗi da dawa. A tasha muna shawara da abokina ko kuɗin zai ishe mu mu ci abinci, sai wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta ɗago kai ta ce, “'Yan nan, daga wace ƙasa?” Da Hausa. Tsigar jikina ta tashi. Hausarta ta tsofaffi ce, gauraye da Larabci. Ta ce kakanta ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa zai je Makka, guzuri ya ƙare a nan, ya tsaya noma don ya tara na gaba, har Allah ya karɓi abinsa. Ita ba ta taɓa ganin Najeriya ba. Na san akwai Hausawa da yawa a Sudan, na san labarin garin Mai Wurno da mutanen da suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, na kuma sha cin agashe, gasasshen nama irin tsire, a titunan Khartum ina alfahari cewa sunan ma namu ne. Amma ban taɓa shiga gidan ɗayansu ba sai ranar. Ta kai mu, ta sa jikanta ya sayo mana nama, ta kwanar da mu. Da asuba ta cika mana leda da gyaɗa, ta ce, “In kun je ku ce wata jikar Katsinawa tana gaida gida.”

Sauran tafiyar ba ta da dogon labari. Kasala da duwatsunta, hamada, gangaren dutse zuwa Sawakin inda alhazai ke shiga jirgin ruwa tun zamanin da, sai Bahar Maliya. Muka yi kwanaki a Port Sudan muna kwana a tabarma tare da ɗaruruwan 'yan'uwa, har sunanmu ya fito. Cikin mako na biyu na watan Mayu muka sauka Abuja.

Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya warware. Na dawo ba takarda ko ɗaya. A ƙarshen watan aka cire tallafin man fetur, naira ta faɗi, zancen in ƙarasa karatu a wata ƙasar ya mutu tun ba a fara ba. Na yi wata takwas ina tsaron kantin magani a Funtuwa, ina jin mutane suna nuna ni, ga wanda aka sayar da gona dominsa. Da ƙyar wata jami'a ta karɓe ni, ta mayar da ni aji uku. Ranar da na ga takardar na ji ɗaci har maƙogwaro, shekara biyu sun tafi. Na kai wa Baba ina jin kunyar haɗa ido da shi. Ya karanta, ya ninke, ya ce, “Da gawarka aka kawo mini fa? Je ka yi karatunka.” Har yanzu ina karatun, gonar kuma tana hannun wanda ya saya. Akwai daren da baƙin ciki ke dawowa, ba na musu. Bambancin kawai, yanzu in na ce “in sha Allah” ina jin nauyinta a ƙirjina.

Tun daga kakar 2023, duk shekara Baba na ware buhun masara biyu, ya ce na mutumin Jazira ne. Yana kai wa mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa, waɗanda ke rakuɓe a kangayen garinmu. Ya ce tunda hannunsa ba zai kai can ba, ladan zai kai.

Muna gaisawa da ɗan tsohon a WhatsApp har watan Disamba na 2023, lokacin da Da'ama suka shiga Wad Madani suka bazu cikin ƙauyukan Jazira. Saƙonsa na ƙarshe ya ce sun kwashe motoci da dabbobi a ƙauyen da ke kusa da su, mu yi musu addu'a. Daga nan shiru. A watan Fabrairu na 2024 aka katse layukan waya a yawancin ƙasar. Mutanen da suka tsaya bakin titi suna ba masu gudu ruwa, su ne yanzu a kan titi. Wannan abu ya tsaya mini a rai fiye da asarar karatuna. Kowace Juma'a bayan masallaci sai na ciro kwalin shayin nan, ko da yake na haddace lambar, in kira, ba ta shiga. Wata goma sha huɗu ina haka.

Sojoji sun koma Madani ranar 11 ga Janairu, 2025. Bayan 'yan makonni, ina ɗakin karatu da dare, saƙon murya ya shigo daga wata baƙuwar lamba. Ɗan ne. Ya ce sun fita da ƙafa, sun yi kwanaki a hanya, sun shekara a ajin wata makarantar firamare a Gadarif. Hajja ta rasu a can. Gidan an kwashe komai, har ƙofofi. Sannan ya ce ga Baba yana so ya yi magana. Na ji motsi, na ji tari, sai muryar tsohon, ta dushe ƙwarai. Ya yi sallama, ya gode wa Allah, ya tambayi babana da auduga. Bai ce komai a kan abin da ya same su ba. Ya ce, “Ya waladi, yaron nan mai ciwon ƙashi, ya samu lafiya?”

Sau uku ina ɗaukar amsa ina gogewa, murya ta ƙi fita. A na huɗu na samu na ce masa, Ammu, yana nan lafiya, yana Kano, kuma yanzun nan zan kira shi.